Motar Maɗaci

Tun tasowata a Birnin Gwari turmi nake sassaƙawa, kamar ubana, kamar kakana, kuma wallahi na tsani turmi. Rami ne kawai a cikin kututture. Abin da raina yake so shi ne a ɗauke ni kafinta a ma'aikatar En'e, in sa gajeren wando, in maƙala fensir a kunne ko da ban iya rubutu ba. To amma ba a ɗaukar mutum sai wani Bature ya ce ya ga aikinsa.

Baturen da ya fi zuwa garinmu shi ne Baturen daji, mai kula da gandun daji, wani dogo mai jan wuya. Yana da baƙar mota mai dogon hanci, wadda ya sa aka yanke bayanta aka ɗora akwatin katako don tantinsa da karensa. Kare da mazauninsa a mota, jama'a! Na ce shi ke nan, wannan motar zan sassaƙa 'yar ƙarama in kai masa.

Goro biyar na ba direbansa, ya bar ni na auna ta da igiya a bayan bariki. Duk kamu ɗaya na motar na mai da shi faɗin yatsu biyu. Jikinta na fitar daga maɗaci da gizago da wuƙa, na goge da ganyen ɓaure mai kaushi har yatsuna suka yi jini. Tayoyi sau huɗu ina sakewa, don in ɗaya ya fi 'yan'uwansa sai ta riƙa ɗingishi. Na naɗe su da fata, na yi fitilu da gindin kwalba, sitiyari da waya, ƙofofi kuma suna buɗewa. Wata uku cur ban taɓa turmi ba.

Matata ta gaji. Ta ce, "Malam, mata uku sun zo neman turmi, na ce musu kana ɗaki kana naƙudar mota."

Na ce, "Ki yi dariyarki, matar kafinta."

Ranar da Bature ya dawo rangadi na shafe ta da man kaɗanya, na rufe da ƙyalle, na tafi bariki. Da na yaye ƙyallen sai mutumin ya tsuguna a ƙasa kamar yaro, yana buɗe ƙofa yana rufewa. Ya kira karensa ya nuna masa mazauninsa. Tafinta ya ce mini, "Ya ce bai taɓa ganin irin wannan hannu ba, zai rubuta maka takarda."

Da na yi godiya na tashi, da an gama. Amma a sana'armu in mai saye ya yaba turmi, ba godiya ake yi ba. Asalin icen ake faɗa masa, inda ya tsiro da yadda aka kayar da shi, don ya san ba ruɓaɓɓe aka ba shi ba. Haka na ga ubana yana yi, bakina kuma bai yi shawara da ni ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba kowane maɗaci ba ne. Can cikin gandun daji na saro shi, bakin rafi. Kwana biyu ina sara! Wani mara aikin yi ma ya shafa masa jan fenti a gindi."

Tafinta ya yi tari, ya taka mini ƙafa. Bature ya ce a fassara, aka fassara masa, har da mara aikin yin. Ashe shi ya shafa fentin da hannunsa, ya keɓe icen don iri. Jan wuyan nan ya haura har kunnuwa.

Alƙali ya ƙwace gatarina, ya ba ni sati biyu ina sharar iyakar gandu. Maganar takarda ta mutu a nan. Motar kuwa aka ce shaida ce, aka riƙe.

Bayan shekara biyu na kai turmi Kaduna, na bi ta ofishin daji, na hango motar ta taga a kan teburin Baturen nan, tana ƙyalli. Na ce da masinjan da ke bakin ƙofa, "Ni na yi wannan."

Ya dube ni, ya dubi turmin da ke kaina. Ya ce, "Kai, matsa can. Daga Ingila ya zo da ita."

Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan ba, kuma har na fita garin ina kuka.