Jirgin da Ya Iso Abuja Muna Cikin Daji

Mun bar Birnin Gwari ana idar da sallar asuba, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Yanar ido ta rufe masa idanu biyun, har ta kai idan ya gaida turmi sai ya tsaya jiran amsa. Likitan ido a Abuja ya ba shi rana bayan dogon jira, aka ce mu kasance a gabansa washegari kafin la'asar.

Kun san yadda tafiyarmu take. Ba a shiga dajin nan ɗai-ɗai, sai motoci sun taru 'yan rakiya sun shige gaba. Babbar wayata a gida na bar ta, domin idan aka tare hanya ita ake fara bincika a ga ƙarfin mutum. Na ɗauki 'yar ƙarama mai tocila, na cire batir da layi na tura cikin safa. Haka kowa ya yi a motar, ba wanda ya tambayi wani dalili.

Hanya kuwa tana nan yadda kuka bar ta, sai dai ramukan sun yi aure sun hayayyafa. Akwai wanda muka faɗa, na ɗauka za mu tarar da mutanen bara a ciki suna jiran mota. Ba mai magana, sai ƙarar carbi. A Buruku bakin kowa ya buɗe, muka sayi waina. Wainar ta rame, kuɗinta ya yi ƙiba.

A Kaduna muka kwana, da safe muka hau jirgin ƙasa. Kawu ya shafa kujera, ya ji sanyi yana sauka a kansa, ya ce wannan ai ɗakin amarya ne aka sa wa ƙafa. Tafiya ta yi daɗi har muka hango rufin tashar Abuja. Nan jirgi ya ja numfashi ya tsaya, ciyawa hagu, ciyawa dama, ƙofofi a kulle. Azahar ta same mu a zaune, muka yi ta a zaune. Ba wanda ya zo ya ce mana komai. Na ƙirga shanun wani Bafulatani ta taga har na fara sa musu suna.

Ko da muka isa asibiti, likita ya tashi. Matar da ke kan tebur ta ce wanda ranarsa ta wuce sai ya koma bayan layi, wato bayan kaka. Da ta dubi Kawu sai ta sassauta, ta ce idan na kawo shaida daga tasha cewa jirgi ne ya makara, za ta cusa shi cikin satin nan. Wani fasinja kuma ya riga ya gaya mini ana mayar wa mutum wani abu daga kuɗin tikiti idan jinkiri ya yi yawa. Na ce to, tafiya ɗaya, buƙata biyu.

Da safe muka koma tasha. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne, ga gajiya a fuskarsa kamar shi ya turo jirgin daga Kaduna. Ya duba kwamfuta ya ce, "Alhaji, jirgin jiya ai bai makara ba. Ɗan abin da ya ƙara bai kai a biya ba."

Na ce, "Yallaɓai, wane jirgin? Namu dai mun kusa yin noma a cikinsa."

Ya yi mini bayani cewa a wajensu jirgi ya iso da zarar kansa ya wuce wata fitila da ke bakin tasha. Mu kuwa daf da bayan fitilar nan muka tsaya. Masu gadin ƙofa sun rubuta lokacin da muka fito, amma nasu rubutun na tsaro ne, ba a biya da shi. Ya tambaye ni ko ina da hoto ko kira mai nuna lokaci.

Na zaro 'yar wayata da ƙarfin gwiwa, don na kira asibiti daga cikin jirgin. Ashe tun da na cire batir agogonta ya koma farkon duniya. Kiran nawa ya nuna na yi shi ne a wata shekara da nake da gashi a ka. Mutumin ya yi dariya, sannan ya ba ni haƙuri.

Kawu ya ce, "Ɗana, ni ba na gani, amma da muka tsaya rana tana tsakiyar rufi, da muka sauka tana kan kumatuna na dama."

Ma'aikacin ya ce, "Baba, wallahi na yarda da kai. Kwamfutar ce ba ta da kumatu."

Ya ce zai iya buga mana takarda da hatimi, amma lokacin kwamfuta za ta ɗauka. Wato in ɗauki takardar da ke cewa mu ne muka yi sakaci in kai asibiti da hannuna. Muka gode masa, muka bar masa abarsa.

Dawowa ba ta da labari. Jirgi ya zo kan lokaci, kamar da gayya. Muka sake bin ayari, muka sake faɗawa ramukan, kuɗin guzuri ya ƙare a Buruku.

Da muka shiga gida, matar Kawu tana tsaye a bakin ƙofa ta yi ado, ta sa sabon zane don ya gani. Ta ce, "An buɗe idon?" Ya ce, "Sai bayan kaka." Sai ta kama hannunsa ta kewaye da shi igiyar shanya.

Abin da na koyo shi ne, isowar jirgi daban, isowar mutum daban, kuma ta jirgin kawai ake rubutawa. Bayan kaka, in Allah ya kai mu, a ƙofar asibitin za mu shimfiɗa tabarma tun ana saura sati.