Kurkunun da Inna Ta Naɗe Mini

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Muna cikin ɗan cocinmu na laka a ƙauyenmu da ke bayan Bungudu, ana tsakiyar waƙa, sai ƙurjin da ya kwana uku yana ci mini idon sawu kamar garwashi ya fashe. Na sunkuya in sosa, sai ga wani farin abu ya leƙo daga cikin naman ƙafata, har yana ɗan motsi. Ban san sanda na kurma ihu ba. Mata suka yo kaina, ɗaya ta duba ta ce ai kurkunu ne, kamar wadda ta ga ƙuda a bakin ƙwarya. Ni kuwa a nan na amayar da kokon da na sha, a kan zanen cocina sabo fil.

Kurkunu ba baƙo ba ne a wurinmu lokacin. Daga tafkin da muke ɗiba muke shansa, tafkin da shanun Fulani ke sha ta wancan gefen, mu muna wanki ta wannan. Tsutsa ce doguwa, fara sol kamar taliya, shi ya sa har yau in an dafa taliya a gidana sai dai in sha gari. Ba a fizgo ta. A jikin ɗan kara ake naɗe ta, kullum kaɗan, wata rana ko tsawon farce ba za a samu ba. In ta katse a ciki kuwa an shiga uku. Shaidar tana cikin gidanmu: Kawu Bawa, ƙanen babana, garin gaggawa tasa ta katse, ƙafar ta kumbura ta yi ɗiwa, gwiwar ta sandare. Saurayi ne kamar ya ɗauki sa, amma ga shi yana jan ƙafa, ana noma yana korar kaji. Duk sanda ya gifta ta gabana sai in dubi tawa ƙafar in kau da kai.

Kakata Inna Saratu ce ta karɓi aikin, don mahaifiyata ko kallon wurin ba ta iyawa. Kowace safiya sai ta zaunar da ni a gindin rumbu, ta tsoma ƙafar a ruwa, ta shafa man shanu, ta soma murza karan. Ga wari, ga ƙudaje sun yi dafifi, ga abin ina jin shi yana silalewa a cikin tsokata. Tir! Kwana biyun farko harbi nake yi kamar jaka, sai da Baba ya danne ni, dannewar kuma ta ƙara mini firgici. A rana ta uku Inna ta kori kowa. Ta ce in rufe ido, in ja numfashi a hankali ina cewa "Yesu" a zuci, in sake shi ina cewa "kana nan". Kada in roƙi komai, kada ma in ce a cire mini ciwon. In dai ɗauka yana zaune a kan tabarmar nan, kafaɗarsa na taɓa tawa. "Ki bar ƙafar a hannunai, ɗiyata, ke ki zauna wurinai," in ji ta. A raina na ce tsohuwar nan ta raina mini hankali, tsutsa na cin mutum ana ce masa ya yi numfashi. Amma na yi, don ba a yi wa Inna musu. Ƙyamar ba ta tafi ko'ina ba, gaskiya, sai dai ƙafar ta daina zillo.

Sati biyu muna haka, sai aka yi rasuwa a Tsafe, Inna ta tafi gaisuwa. Kowa ya tafi gona, aka bar ni a inuwar darbejiya. Da ƙawayena suka taso daga makaranta sai suka zauna can nesa suna carafke, ɗaya tana toshe hanci, a zatonta ban gani ba. Raina ya ɓaci, na ji na tsani ƙafar nan kamar ba tawa ba. Na kwance tsumman, na kama karan, na ja da ƙarfi. Tsutsar ta miƙe, ta sirance har ta koma kamar zare, wani zafi ya harba mini har ƙugu. Nan na daskare. Ban isa in ƙara ja ba, kuma tsoro ya hana ni saki. Kawu Bawa yana can bakin zaure da sandarsa, ina hango shi. Hannuna na rawa, majina da hawaye sun haɗe mini a baki, na runtse ido na soma abin da Inna ta koya mini. Da farko kalmomin fita kawai suke yi, babu komai a cikinsu. Can dai numfashina ya lafa, yatsuna suka tsaya, na ji kamar ba ni kaɗai ke riƙe da karan ba. Ban buɗe ido ba sai da maƙwabtanmu suka kira la'asar, na tarar abin ya saki da kansa, bai katse ba.

Da Inna ta dawo, kallo ɗaya ta yi wa naɗin ta gane. Ta ja mini kunne sosai, sannan ta ci gaba da aikinta. Bayan wata guda cur tsutsar ta fito gaba ɗayanta, ta fi hannuna tsawo, aka jefa ta a murhu. Na koma makaranta da ƙafata biyu.

Yanzu ina Gusau, ruwan famfo muke sha, 'ya'yana ko sunan kurkunu ba su sani ba. Tsoron ne dai bai ƙare ba, kama kawai ya sauya: yau 'yan bindigar hanya ne, da waya in ta yi ƙara alhali ɗanka yana kan tafiya. Ƙauyen ma sai mu shekara ba mu leƙa ba. A gidana Inna ta yi jinyar ajalinta, kuma wata rana ina goge mata jiki na tambaye ta yadda aka yi ba ta taɓa ƙyamar ƙafata ba. Ta yi dariya har da tari. "Wa ya gaya miki? Kullum in na gama, bayan rumbu nike zuwa in yi amai. Addu'ar ga tare muke yin ta, don hannuna ya bar rawa."

Ashe mu biyu ne matsorata a kan tabarmar, ni ban sani ba.