Tsamiyar Sabis

Duk wanda ya ce mini yana da shafin labaran fasaha a intanet, tambaya ɗaya nake fara yi masa: ka taɓa taka ƙafarka ka je wurin da kake ba da labarinsa? Yawancinsu dariya suke yi, su ɗauka tsokana ce. To ba tsokana ba ce. Irinsu ne suka raba ni da muryar uwata, kuma har gobe ban huce ba.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun kwamfuta a Jalingo, ina zaune a gidan gwaggona a Mayo Gwoi. Wani malaminmu ya ce kowa ya buɗe shafinsa, ya riƙa sa labarin fasaha duk mako, da shi zai ba da maki. 'Yan ajinmu ba su wahalar da kansu ba. Sai su shiga manyan shafuka su kwaso labarin sabuwar wayar da aka fitar a wata ƙasa, wayar da ko mai shago a babbar kasuwa bai taɓa riƙe kwalinta ba, su manna. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki da taurin kai. Na ce yo mu ba mu da fasaha ne? Na ƙauyenmu zan rubuta.

Ƙauyenmu yana bayan Lau, a cikin kwari, kusa da kogi. Sana'ar Mama bandar kifi ce. Babu ƙarfen sabis ko ɗaya a kusa da mu, waya a cikin gari ba ta da wani amfani sai haska tocila. Amma a bayan gari akwai tudu, a kan tudun akwai wata tsohuwar tsamiya, kuma can sama a rassanta sabis yana kamawa. Ban san wanda ya fara ganowa ba. Da farko samari ne ke hawa. Da mata da tsofaffi suka ga ba za su iya hawa itace ba, sai aka samo dabara. Ka jefa igiya ta kan reshe, ka danna lambar da kake so, ka kunna sifika, ka sa wayar a cikin safa, ka ɗaure, ka ja igiyar har safar ta kai sama. Sai ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai ka yi ta kwarara murya. Kowane gida da igiyarsa, kuma don kada a rikice, kowa ya ɗaura wa tasa ƙyalle mai launi. Ta Mama jan ƙyalle ce, daga tsohon zanenta ta yago shi.

Duk Lahadi bayan an tashi daga coci, Mama za ta hau tudun nan ta kira ni. Babu sirri a kiran, duk wanda ke layi yana ji, wani lokaci ma har ya sa baki. Sai in ji ta daga nesa tana cewa, "Kin ci abinci? Kina jin maganar gwaggonki?" Ga kukan tsuntsaye, ga wata tsohuwa tana cewa a gaishe ni. In tana magana hannayenta ba sa zama wuri ɗaya, sai ta ɗaga su sama wajen wayar, sai ka ce ina ganinta. Wannan kiran shi ne abin da nake jira duk mako. Babana ya rasu tun ina ƙarama, ni kaɗai gare ta.

Da na je hutun Kirsimeti na ɗauke ta hoto tana kiran wani ɗan'uwanta da ke birni. Kyakkyawan hoto ne: ga ta a tsaye, fuska sama, hannaye a ɗage, ga igiyoyi da ƙyallaye suna lilo, ga safa can sama da waya a ciki. Na nemi izininta, ta ce in sa mana, mutanen birni su ga mu ma muna da wayo. Na dawo Jalingo na rubuta yadda abin yake dalla-dalla, har da dalilin da ya sa tsawo ke taimaka wa sabis. Malam ya yaba mini a gaban aji. Waɗanda suka karanta ba su wuce 'yan ajinmu da 'ya'yan gwaggona ba, ni kuwa hakan ya ishe ni.

Bayan 'yan makonni, muna cikin keke napep za mu makaranta, ƙawata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Wannan ba Mamanki ba ce?"

Ita ce. Wani babban shafin labaran fasaha ne, irin waɗanda 'yan ajinmu ke kwasar labari a cikinsu. Sun kwashi hoton da na ɗauka, sun yanke samansa, daidai inda safar take. Abin da ya rage mace ce ta ɗaga hannu a gaban itace mai ɗauke da ƙyallaye. Suka sa kanun labari wai wani ƙauye a Taraba yana bauta wa itace don ya ba su sabis. Har sunan garin suka sa, daga rubutuna suka ɗauka. Wato sun karanta ke nan! Sun san gaskiya sarai, suka ga ba za ta jawo musu jama'a ba, suka datse ta kamar yadda ake datse kan kifi.

Na ce wa mai keke ya tsaya, na sauka a bakin titi ban ma san inda nake ba. Na shiga karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasan hoton. Wannan ya ce jahilci, wancan ya ce a tura musu masu wa'azi, wani ya yi wa zanenta dariya. Wani har addu'a ya yi wai Allah ya shiryi matar nan. Matar da ta fi shi sanin hanyar coci! Kafin yamma ƙananan shafuka sun kwafa, wasu sun mai da shi Hausa, kowa yana ƙara nasa gishirin. Wani ya ce ana yanka wa itacen baƙar akuya. Akuyar wa? Mu da sai Kirsimeti muke ganin nama!

Na rubuta wa masu babban shafin. Na tura cikakken hoton, na tura rubutuna, na roƙe su, daga baya na zage su. Shiru. Na sa bayani a ƙasan labarin, aka goge. Na je wurin malam idona ya yi ja, na ce, "Malam, ka ga abin da suka yi?" Ya duba, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Ai haka intanet yake. Ki yi murna ma, hotonki ya zagaya ƙasa." Allah ya taimake ni na riƙe bakina, don abin da ya zo mini a lokacin da na faɗa, da a ranar karatuna ya ƙare.

Abin takaici, ta tsamiyar nan labarin ya shiga gari. 'Yan ƙauyenmu da ke zaune a birane suka yi ta turo hoton gida suna tambaya ko gaskiya ne. Ka ja igiyarka ka sauke waya, sai ka ga cin mutuncinka a ciki. Ranar kasuwar Lau aka fara yi wa mutanenmu ba'a. Mama ta shimfiɗa kifinta, wani ya tsaya ya ce, "Wannan na ci ne ko na tsamiya?" 'Yan kwale-kwale suka sa mana suna masu bautar itace. Da Kirista da Musulmi na garinmu, babu wanda ya tsira.

Kawuna, ƙanin Mama, dattijo ne a coci. Ya zo Jalingo wata hidima, ya biyo ta Mayo Gwoi. Ko ruwan da gwaggo ta kawo masa bai sha ba, ya ce mini dattawa sun zauna, da fasto da liman da mai gari, sun yanke shawara za a sare tsamiyar.

Na ce, "Kawu, a sare? A kan ƙarya?"

Ya ce, "Ke kin san ƙarya ce, ni na sani. Mutanen Lau fa? Masu kallo a waya fa? Sunan gari ya ɓaci. In babu itacen, babu abin nunawa."

Na ce, "To Mama a ina za ta kira ni?"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Da ba ki ɗauki hoton ba ai."

Nan na miƙe tsaye. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma wannan kam ba zan ɗauka ba. Ni gaskiya na rubuta. Wani ƙato yana zaune a ɗaki mai sanyi, bai san ko ta ina ake shiga Lau ba, ya sa almakashi ya yanke gaskiyar, sai kuma a ce ni ce?" Gwaggo tana ta ja mini zane wai in zauna. Na buɗe cikakken hoton na ce ya kai wa dattawa su nuna a kasuwa. Ya ce mutum nawa za a bi a nuna wa? Wanda ya riga ya yi dariya ba ya son a ce masa dariyar banza ya yi. Na ce to in sun sare, a kafa doguwar gora a kan tudun, a ci gaba da jan igiya. Ya kalle ni ya ce, "Don a ce yanzu kuma gora muke bauta wa?"

Lahadin da ta biyo baya Mama ta kira kamar kullum, amma ban ji hayaniyar masu layi ba. Ta ce ita kaɗai ce a kan tudun, kowa ya kwance igiyarsa, gobe za a kawo gatura. Na fara kuka ina zagin masu shafin, ta ce, "Bar su da Allah. Ba don su na hau tudu ba. Yi mini magana kawai." Na ce me zan ce? Ta ce ko mene ne. Sai na ba ta labarin abin da gwaggo ta dafa, da yadda ruwa ya cika hanyar unguwarmu, da wata malama mai saurin magana. Shirme iri-iri. Tana ta cewa "To, to," daga can ƙasa. Muka yi ta yi har cajin wayarta ya ƙare.

Washegari suka sare ta. An ce sai da aka wuni ana fama, don tsamiya itace ne mai tauri.

Can bayan wani lokaci, ina zaune a aji, sai ga amsa daga masu shafin. Layi ɗaya: sun ga ƙorafina, sun cire labarin, sun gode da bibiyar shafinsu. Sun gode! Babu ban haƙuri, babu gyara, babu ko kalma ɗaya da za ta gaya wa waɗanda suka yi dariya cewa ƙarya aka yi musu. Na buɗe shafin, labarin da ke sama na wata sabuwar waya ce mai naɗewa kamar tabarma. A ranar kuma wasu 'yan ajinmu suka kwafe shi suka kai wa malam. Ni tun daga nan ban sake sa komai a shafina ba, na ce ya riƙe makinsa.

Yanzu in Mama tana son jin muryata sai ta bari ranar kasuwa, in ta samu zuwa Lau. Da damina hanya takan yanke, sai a yi makonni ban ji ta ba. Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, ban sani ba sai da ta warke, wani mai kawo kifi Jalingo ya gaya mini a tasha kamar labarin da kowa ya sani. Ran Lahadi bayan coci har yanzu nakan samu kaina riƙe da waya ina dubawa, sai in tuna, in yi tsaki in jefa ta a jaka.

Da na je gida hutu, na hau tudun. Kututture ne kawai, yara suna wasa a kai. Na hau na ɗaga wayata iya tsawon hannuna, ko ɗigon sabis babu. Na sauko na shiga ɗakin Mama, sai ga igiyarta a naɗe a rataye a ƙusa, da jan ƙyallen da safar. Ran Asabar da yamma na ga ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki wayarta za ta fita. Na ce ina zuwa? Ta ce wurin mai caji da hasken rana, kamar yadda ta saba duk Asabar.

Na ce, "Mama, cajin me? Ga ni a gabanki. Kuma ko ba na nan, a ina za ki kira?"

Ta ce, "Ko ba kya nan ina kaiwa. In Allah ya kawo sabis wata rana, kada ya zo ya same ta a mace, ki kira ki rasa ni."

Na karɓi wayar daga hannunta na kai mata cajin da kaina. Ina tafe ina kuka, ina tsine wa mutumin da ko fuskarsa ban sani ba.