Rahila, Wadda Ta Raba Mu da Gida Mai Lamba Ɗaya

Kullum da safe Rahila Amos kan hau acaɓa daga Tudun Wada zuwa ofishin ƙungiyarmu a Gusau, ta zauna gaban kwamfuta tana jera baka da ɗigo da tauraro. Ni malamin dabbobi ne, na daɗe ina ɗauka wasa take yi. Ashe wannan jerin alamomin shi ne mai gadin kowane gurbi a shafin rajistar rigakafin shanu: abin da ya yarda da shi ya shiga, abin da ya ƙi ya koma.

Ta sha ƙona mini rai. Ina riƙe da ƙahon sa a Bungudu sai ta kira: "Malam Lawali, mutanenku da sifili suke fara lambar waya?" Haba Rahila!

Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai gadin da ta gada. Wai adireshi sai da lambar gida. Ruga da lamba! Masu cike wa makiyaya rajista suka gaji da jan rubutun da ke cewa an ƙi karɓa, sai kowa ya riƙa danna ɗaya. Daga Kucheri har Tsafe, kowace ruga ta zama gida mai lamba ɗaya. Na yini da akwatin allura a bayan babur ina neman lamba ɗaya a Wonaka, ƙanƙara ta narke, magani ya lalace. Ga ciwon huhu ya shigo garken maƙwabta, ga Tukur, makiyayin da nake nema, yana shirin tashi da shanunsa.

Na je na zazzaga mata faɗa. Washegari ta bi ni kasuwar Wonaka, tana tambayar mutane inda suke zaune, tana sauraron yadda suke kwatance. Ta koma ta warware jerin nan ta sake ɗaura shi: lamba ba dole ba, amma sai an ambaci gari da wata alama, kuma "ɗaya" tsurarta ba ta wucewa. Aka yi ta ƙorafi wai ta buɗe wa shirme ƙofa. Ta ƙyale su.

Da aka sake cike rajistar Tukur, sai ta fito: gabas da tsamiya, bayan rafi. Na tarar har an ɗaure kaya a kan jakuna, na yi wa garken allura kaf.

Ke ce mai gyaran ƙofar da ba a gani, Rahila. Yanzu an ce za ki koma garinku, kuma ko takardar yabo ba wanda ya rubuta miki. Wannan ma haushi yake ba ni. Na gode. Masu wannan aiki, ku fita ku ji yadda mutane ke kwatanta gidajensu kafin ku ɗaure ƙofa.

Jiya Tukur ya aiko mini da ƙwaryar nono, wai "wanga malami shi ya hisshe ni". Na ɗora ta a babur na kai wa Rahila Tudun Wada.