Ɗigon da Na Rufe da Ƙasa

Motar ta shigo gidanmu bayan an gama yaƙi, a shekarar da aka ce kowane direba ya bar hagu ya koma dama. Akori-kura ce, fara, an riga an mora ta a wani hannu. Maigidana ya dawo daga soja da ƙafa mai ciwo da hannu mai sanin sitiyari. Ƙaninsa malamin makaranta ne a Kafanchan. Suka haɗa ƙarfi su biyu suka saye ta, don ta riƙa kwasar citta da doya da matan kasuwa daga ƙauyenmu na bayan Zonkwa.

Da yake malam ba shi da halin barin aji, sai ya turo matarsa ta zauna da mu, ta zama idonsa. Ita ce faccalata. Na girme ta nesa ba kusa ba, ranar da aka kawo ta ma ni na ɗora mata ruwan wanka. Amarya muke ce mata, har ta haifi uku sunan bai sake ta ba. Ta yi makarantar mishan har aji bakwai. Ni ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba.

To, a gaban motar nan akwai wurin mutum biyu ban da direba. Na bakin ƙofa na dattawa ne, ko fasto, ko wani tsoho da ƙashinsa ba zai ɗauki girgizar baya ba. Na tsakiya kuwa, kafaɗa da kafaɗa da maigidana, Amarya aka ba. Dalili, wai akwai wata allura a gaban sitiyari mai nuna zafin inji, hanyarmu kuma ramuka ce, idon direba ba ya barin ta. Sai an sami mai karatu ya tsare allurar. Ni ina baya, a kan buhunan citta, hannuna riƙe da ƙarfe, ina kallon ƙeyarsu ta ɗan gilashin da ke bayan direba. In sun yi dariya ina ganin kafaɗunsu na motsi. Abin da ya ba su dariyar ba na ji.

Ban zarge su da komai ba, Ubangiji shaidana ne. Wurin nan kawai nake so. Ni na jira mutumin nan shekara uku yana bakin daga, ni na noma gonarsa, ni na binne uwarsa ba ya nan. Da daɗi ya zo, sai aka ce mai karatu.

Maigidana ya zo da wata ɗabi'a daga soja. Kowace safiya, kafin ya sa komai a baki, sai ya zagaya motar. Ya bubbuga tayoyi da ƙafarsa mai lafiya. Ya ɗaga bonet, ya zaro wani siririn ƙarfe, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ga inda baƙin mai ya tsaya. Ya latsa fanbel, robar da ke juya fankar inji, da babban yatsa. Ran Asabar ya leƙa ruwan batir da na lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Amarya na tsaye a gefensa da ɗan littafi, tana gaya masa saura kwana kaza a juye mai. Daga ƙarshe ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce mota ba ta da baki, da ɗigo take magana.

A nan muka fara samun saɓani, don a wurinmu mace ba ta bari namiji ya fito ya taka tsakar gida ba a share ba. Abin kunya ne da za a kai har zumuntar mata ta coci. Ni kuwa tun zakaran farko nake shara, ina bin ko'ina, har ƙarƙashin motar. Ya fito ya tarar da ƙasa sumul, zanen tsintsiya kawai.

Ya ce, “Uwar yara, kin share mini wasiƙa.”

Na ce, “Wace wasiƙa kuma?”

“Wadda mota ta rubuta mini. Ki bar wurin sai na gani.”

Na ce ba zan bar juji a tsakiyar gidana ba, matan unguwa na wucewa rafi suna leƙe. Sai ya ce to na share, amma in na ga wani abu na faɗa masa. Muka rabu a haka.

Na koyi karatun ƙasar nan, babu wanda ya koya mini. Baƙin ɗigo mai maiƙo, na inji ne. Mai wari da ke bushewa nan da nan, fetur ne. Ja-ja kamar ruwan da aka wanke tsohuwar tukunyar ƙarfe, na lagireto ne. Na san su kamar yadda na san kashin kajina. Amma ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Kullum sai dai, “Amarya, littafi ya ce me?” “Amarya, allura fa?” Tsintsiya ba a tambayar ta.

Wata bazara, lokacin da rafuka suka ƙafe sai yashi, na tarar da jiƙo a ƙarƙashin gaban motar, faɗin tafin hannu. Na shafa, na shinshina. Ruwa ne mai tsatsa. Na kwanta rigingine na leƙa sama. Ga shi nan yana taruwa a wuyan wani baƙin tiyo na ƙasa, daidai inda zoben ƙarfe ya shaƙe shi, gefen da dattawa ke zama. Ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo.

Ran Litinin ne. Na buɗe baki zan kira shi, sai na ji shi a ɗaki yana cewa, “Amarya ta tashi kuwa?” Na rufe bakina. Na ɗebo busasshiyar ƙasa na zuba a kan jiƙon, na bi da tsintsiya.

Na ce a raina, ai akwai allura. Bari allura ta faɗa.

Talata jiƙon ya kai faifai. Laraba ya wuce faifai. Alhamis na yi addu'ar safe, na ce a gafarta mana laifofinmu, na fito na sake rufe shi da ƙasa. Ba motar nake so ta mutu ba, abincin 'ya'yana ce. So nake a ga ranar da karatu ya gaza. Iyakar tunanina ke nan, ban kai shi gaba ba.

Juma'a muka ɗora citta za mu kai Kafanchan. A kujerar bakin ƙofa akwai wani dattijon cocinmu, mai son magana, za shi asibiti a duba masa ido. A baya mu mata shida ne da buhuna. Rana ta ɗaga, muka yi nisa, duwatsun Kagoro sun fara fitowa sosai. A kan wani hawa sai na ji wari kamar an manta tukunya a murhu. Motar ta fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ƙarfinta ya ragu. Maigidana ya kashe ta nan take, ya diro yana ɗingishi, ya ce a sa dutse a bayan taya. Ni na sa.

Da ya ɗaga bonet tururi ya buge shi a fuska. Wurin babu gida, babu rijiya, sai ciyawar da aka ƙone da bishiyar ɗorawa guda. Ruwan da muke da shi jarka ɗaya ce.

Amarya ta ɗauko jarkar da gudu za ta zuba. Ya riƙe hannunta.

“Kina so ki fasa mini inji? Ba a ba shi ruwan sanyi yana cikin zafi.” Sannan ya dube ta. “Allura fa?”

“Ba ta tashi ba, Yaya. Idona na kanta tun daga gida.”

“Ba ta tashi ba, mota ta dahu?”

Dattijon nan ya sauko yana gyara hula. Ya ce, “Soja, ka bar yarinya. Wataƙila allurar ce ba ta yi aji bakwai ba.”

Matan baya suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai Malama barci take yi, iskar gaba daɗi gare ta. Amarya ta koma gindin ɗorawa ta zauna, ta rufe fuska da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Abin da na jira kwana huɗu ke nan. Na tsaya ina sauraron zuciyata ko zan ji sanyi. Na ji, ba zan ɓoye ba. Amma ɗan kaɗan ne, bai kai yadda na zata ba.

Muka jira injin ya huce. Maigidana ya naɗe tsumma a hannu ya buɗe murfin lagireto, ya leƙa. Ƙaf. Ya shafa nan, ya shafa can, ya shiga ƙarƙashi ya fito. Zafi ya busar da komai, babu alamar inda ruwan ya bi.

Ya ce, “In na zuba jarkar nan ban san inda yake yoyo ba, ƙasa za ta sha, mu kwana nan. In na tuƙa haka, injin ya buga, an gama.” Ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da ya dawo ya tarar da kabarin uwarsa.

Na san in na yi magana na tona kaina. Na kuma san in na yi shiru abin da zai biyo baya.

Na ce, “Baban yara, tiyon ƙasa ne. Gefen dattawa. Daidai wuyan, inda ƙarfe ya shaƙe shi.”

Ya shiga ƙarƙashi, ya lanƙwasa tiyon da hannu, tsagar ta buɗe baki kamar yankan wuƙa. Ya kwance zoben, ya yanke wurin da ya ruɓe, ragowar ta kai da ƙyar. Ya ce a ba shi sabulu, na ciro na wanki daga kwandona. Ya shafe wuyan da shi, ya mayar, ya ɗaure zoben, ya naɗe da robar tsohon tyub na taya tam. Ya tayar da motar, ya riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Muka zuba ido a ƙasa. Ba ɗigo.

Yana goge hannu ya matso kusa da ni, ya rage murya. Da yarenmu ya yi tambayar, ba da Hausa ba.

“Kwana nawa?”

Na ce, “Huɗu.”

Ya gyaɗa kai. Sai ya juya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. “Amarya, taso. Ba laifinki. Allurar nan ruwa take aunawa. In ruwa ya ƙare ba ta da abin faɗa.”

Dattijon ya dube ni da idonsa mai lafiya. Ya ce, “'Yata, ke kuma a wace makaranta kika koyi ganin cikin mota?” Na mayar da sabulu cikin kwandona. Bai sake tambaya ba, ya riga ya gane.

Amarya ta taso ta share ido. Ta zo gabana ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba, ta ce, “Yaya, ki shiga gaba. Ni yau ba zan iya ba.” Kafin na ce wani abu ta taka taya ta haye kan buhuna.

Haka na shiga gaba, bayan shekara biyu. Kujerar ta yi laushi, gaskiya ne. Amma zafin inji na dukan ƙafata, gwiwata na karo da sandar giya, in zai canja sai na janye. Allurar na gabana tana rawa, ban san abin da take cewa ba. Maigidana bai dube ni ba, bai ce uffan ba, tun daga hawan nan har muka ga layin dogo. Dattijo mai son magana ma ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

Na waiga ta ɗan gilashin. Matan da suka yi mata dariya ɗazu sun sa ta a tsakiya. Ɗaya na ɓare mata gyaɗa, ɗaya na gyara mata ɗankwali, a kan buhun da na saba zama. Wata ta faɗi wani abu, na ga kafaɗunsu duka na motsi, har da nata. Abin da ya ba su dariyar ban ji ba.

Da za mu dawo na hau baya da kaina, babu wanda ya hana ni. Ban sake zama a gaba ba har aka sayar da motar.

Washegari ina shara ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. Ya ce, “Uwar yara, ƙasa ta ce me?” Na ce bushe take. Ya wuce wurin tayoyinsa. Daga ranar kullum sai ya tambaya, ni kuma ban sake rufe ɗigo ba. Maganar kwana huɗun nan bai taɓa tayar da ita ba har ya koma ga Ubangiji, Amarya ma haka. Tana nan da ranta, ta tsufa kamar ni. In jikanta ya kawo ta gaishe ni, ina leƙawa ta taga na ga inda ta zauna a motarsa. A gaba take zama.