Sunan da Ma'u Ba Ta Iya Faɗa

Ma'u 'yar wan mahaifina ce, ta girme ni, kuma ita kaɗai ce macen da na sani a Mai Wurno, garinmu na Hausawa a ƙasar Larabawa kan tsohuwar hanyar Makka, da ta zauna ta rubuta littafi. Da ajami ta rubuta shi, tsakanin aikin gona da tuwon yara. Labarin surukinta ne, Malam Sambo, wanda ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya shiga haƙar tur'a, magudanan da har yau suke shayar da gonakinmu. Daga bakinsa ta kwashi labarin kafin ya rasu. Burinta ɗaya ne: kada sunan mutumin nan ya bi shi kabari.

Ta hau hafila, motar haya, ta kai littafin maɗaba'a a birnin Madani. Mai wurin ya jujjuya takardun, ya ce da Larabci, "Ya Hajja, wa zai saya? 'Ya'yanku ma ba sa karanta wannan." Ya ce sai dai in za ta biya komai da kanta. Ta shiga tara kuɗi. Tana cikin haka kudancin ƙasar ya ɓalle ya zama ƙasa daban, takarda ta yi tsadar da ta wuce hankali, abin da ta tara ko bangon littafi ba zai yi ba.

Almu, mai shagon waya da ke zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, shi ya ce ta karanta da murya ya ɗauka a waya. Ta karanta. Kafin kaka labarin ya kai har garin Damazin, daga waya zuwa waya, ba wanda ya ce mata ko sannu.

Wannan ma da sauƙi. A takarda Ma'u ta rubuta Sambo ba ta ji komai ba, amma da baki mace ba ta kiran sunan surukinta. Duk inda sunan ya zo, sai ta ce "Baba". Na je biki garin Suki, na tarar da wani ɗan kasuwa ya kunna wa baƙi muryarta, yana dukan ƙirji wai kakansa ake nufi. Kakansa! Mutumin da a mota ya zo ƙasar nan!

Ko mayafi ban cire ba na faɗa gidanta.

"Yaya, kin yi wa ƙattin banza noma. Baba, Baba, kowa ai yana da baba!"

"To in kira sunansa duniya ta ji? Hadizatu, ki ji tsoron Allah."

"Ya rasu, ya Yaya!"

"Ɗansa bai rasu ba. Ga shi can yana alwala."

Ta murza bakin zanenta, sannan ta dube ni.

"Ke surukinki ne?"

"A'a."

"Halas. Gobe ki zo da bakin nan naki da ba ya gajiya."

Haka muka sake ɗauka tun daga farko a bayan shagon Almu. Tana karantawa, in ta iso wurin sai ta tsaya ta sunkuyar da kai, ni kuma in ce, "Malam Sambo ɗan Abdussalami." Almu ya yi dariya har ya ɓata ɗaukar farko, ya ce bai taɓa ganin littafi mai baki biyu ba.

Ma'u ba ta yi dariya ba. Ta juya shafi, ta turo min wayar.

"Matso. Ki ɗaga murya, mutanen Suki su ji."