Sunan da Na Kira da Bakina

Shekara goma sha ɗaya na yi a majalisar ma'aikatan kamfaninmu na robobi a Sharada, ban taɓa shugabantarta ba. Har yau idan na tuna dalili sai abinci ya fita a raina.

Majalisar tamu ba jam'iyya, ba ƙuri'a. Kowane sashe yakan turo mutum ɗaya: mu masu injin, da masu lodi, da direbobi, da masu gadi, da matan da ke ɗaure kaya, da sauransu. Bayan Azahar mukan zauna a gindin darbejiyar bayan sito, a yi ta juya magana har sai babu mai ja. Zaɓen shugaba ma haka yake. Mai sauka ne ke kiran suna, in aka yi shiru, shi ke nan. Sai dai akwai al'adar da ba a rubuta ba. Ba a kiran sunan kai, kuma wanda aka kira sai ya ƙi tukuna, ya nuna wani. Daga nan ko a matsa masa ya karɓa, ko a koma kan wanda ya nuna.

A shekarata ta tara, ciwon ƙafa ya mayar da shugabanmu gida Jigawa ba shiri, wakilai huɗu kuma suka canja. Ni ne mafi daɗewa, don haka kiran suna ya faɗo kaina. Ni kuwa na riga na ɗinka sabuwar shadda, har na faɗa wa matata ta fara saba wa bakinta da cewa Shugaba.

Sai na yi dabara. Cikin sababbin akwai wakilin masu lodi, wani ɗan Damagaram mai ladabi, wanda ni na nuna masa mai shinkafa da wake ranar da ya fara aiki. Na ce a raina shi zan kira, ya sunkuyar da kai ya ce ga Malam nan, magana ta dawo gida. Abin da ban tuna ba shi ne babu wanda ya taɓa gaya masa al'adar.

Na kira sunansa. Ya sunkuyar da kai, kamar yadda na tsara.

Ya ce, "To, tunda ku kuka faɗa, Malam, ban isa in yi muku musu ba. Allah ya taya ni riƙo."

Aka yi tsit. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya ina neman mai ja. Wakilin direbobi ya fake da tari. Wa zai ja, alhali ni na kira? Aka shafa fatiha, da hannuna a ciki.

Da ya gaza, da na samu sauƙi. Bai gaza ba. Shi ya samo mana safar hannu da takunkumi, abin da muka yi shekaru muna roƙo. In na hango shi yana hawa bene zuwa ofishin manaja, masu gadi suna "Shugaba, Shugaba," sai in ji ƙirjina ya yi zafi kamar na jingina da injin. Hassada ce, ba na ɓoyewa, kuma a kansa na yarda cewa ga mai rabo taki ce. Abin da ya fi ci mini rai, duk taro sai ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya ga abin da ni ban gani a kaina ba."

Bayan shekara biyu wa'adinsa ya cika. Muka zauna a gindin darbejiya, ya buɗe baki ya kira sunana. Na yi niyyar karɓa nan take. Amma sabo ya riga ni magana.

Na ce, "A'a, ni wa? Akwai waɗanda suka fi ni. Ga Hajiya nan." Na nuna wakiliyar mata, na gyara zama ina jiran a matsa mini.

Ya dube ni da girmamawa ta tsakani da Allah, ya ce, "Jama'a, kada mu takura wa Malam. Ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Ni shaida ne."

Hajiya ta ƙi kamar yadda aka saba. Wakilin direbobi ya yi wuf ya matsa mata, ta karɓa. Ni babu wanda ya matsa wa. Shaddar tana nan, da ita nake zuwa suna.